An sace mini keke a barandar shago, kamfanin inshora ya ƙi biya: ina da mafita?

Tambaya: Ina da shagon kayan masarufi a Agege, kuma ina da kekunan hawa guda biyu da yarana suke kai wa masu saye kaya da su. Lokacin da na karɓi rance a wani ƙaramin banki, an sa na yi wa shagon inshorar fasa shago. A watan jiya, cikin dare, aka yanke sarƙar da na ɗaure keke ɗaya da ita a barandar shagon aka tafi da shi. Na kai ƙara caji ofis washegari da safe, amma ban sanar da kamfanin inshorar ba sai bayan kwana tara. Sun rubuto mini cewa ba za su biya ba saboda dalilai uku: ba a fasa shagon ba, keken ba ya cikin kayan da aka yi wa inshora, kuma na makara wajen sanarwa. Shin wannan ba zalunci ba ne? Kuma yaya zan yi da keken da ya rage?

Amsa: Malam, Allah ya mayar maka da alheri, ya tsare na gaba. Na daɗe ina dillancin inshora a nan Legas, kuma irin wasiƙar da aka aiko maka ta sha biyowa ta hannuna, musamman tun da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, aka ƙara huɗu a Satumba, sannan cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya sa 'yan kasuwa da dama suka koma aike da keke. Ba zan ɓoye maka ba, cikin dalilan nan uku, biyu suna da ƙarfi, ɗaya kuwa rarrauna ne, amma ko a cikin masu ƙarfin akwai ƙofar da ta cancanci a ƙwanƙwasa kafin ka haƙura. Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, kamfanin inshora ba ya biya don kawai an yi wa mutum sata. Yana biya ne idan satar ta auku a wurin da takarda ta ambata, ta hanyar da ta ambata, kuma a kan kayan da ta ambata.

Mu fara da maganar fasa shago, domin a nan ne yawancin mutanenmu suke samun saɓani da kamfanoni. A bakinmu kalmar sata ta tattara komai, daga wanda ya zari wayarka a cikin babbar motar haya ta molue har zuwa wanda ya haura katanga da tsakar dare. Takardar da ke hannunka, wadda za ka ga an rubuta Burglary a samanta, ba ta ɗauki duk wannan ba. Alkawarin da ke cikinta ya tsaya ne a kan satar da ta biyo bayan shiga ginin ko fita daga cikinsa da ƙarfi, wato a ɓalle ƙyaure, a karya kwaɗo, a yanke ƙarfen taga, a ɗaye kwanon rufi a diro ta silin, ko ɓarawo ya laɓe a ciki har a rufe sannan ya karya sakata ya fice. Ba a bukatar ƙarfin ya zama mai yawa, amma dole ne a kan ginin aka yi shi, kuma ya bar alamar da ido zai gani. Yanke sarƙar da ke jikin keke ƙarfi ne a kan kayan, ba a kan ginin ba, kuma a kan wannan bambancin kamfanin ya jingina. Haka nan idan da makullin shagon aka buɗe aka kwashe kaya, yawancin takardun irin wannan ba sa biya, sai dai in an ƙwaci makullin ne da makami ko barazana kuma an ƙara wannan sharaɗin a cikin yarjejeniyar.

To, ga ƙofar da na ambata. Ba ka faɗa mini siffar barandarka ba, kuma komai ya rataya a kanta. Shaguna da yawa a Agege, da Mile 12, da Idi-Araba, an kewaye barandarsu da ragar ƙarfe tun daga daɓe har rufi, an sa mata ƙofa mai kwaɗo, har mai shago yakan bar firiji da buhunan shinkafa a wajen ya tafi gida. Idan taka irin wannan ce, kuma sai da aka karya kwaɗon ragar kafin a isa ga sarƙar keken, to an shiga da ƙarfi, kuma abin da ya rage shi ne ko barandar tana cikin wurin da aka yi wa inshora. Buɗe shafin da aka rubuta sunanka, da adireshin shagon, da adadin kuɗin, ka karanta yadda aka siffanta wurin. In an rubuta lambar shago da sunan titi kawai, ba a ce ɗakin ciki kaɗai ba, kana da hujjar cewa baranda mai kulle ɓangare ce ta shagon, domin ƙa'ida ce sananniya a shari'ar yarjejeniya cewa kalmar da ta ɗauki ma'ana biyu ana fassara ta ne a kan wanda ya rubuta ta, kuma kamfanin ne ya rubuta, ba kai ba. Idan kuwa barandar buɗaɗɗiya ce, duk mai wucewa yana iya taka ta, kuma a jikin ginshiƙi ka ɗaure keken, gaskiya kamfanin yana kan daidai, domin kusan kowace takardar fasa shago tana cire kayan da aka bari a fili.

Dalili na biyu shi ne ya fi ba ni tsoro a madadinka. Inshorar da banki ya sa a yi, ana yin ta ne don kare jinginar banki, kuma jinginar a nan ita ce hajar da ke cikin shago: shinkafa, mai, sukari, madara da sauransu. Keke ba haja ba ne a wurinka tunda ba sayar da kekuna kake yi ba, kayan aiki ne. Duba jerin kayan a wannan shafin dai. Idan layi ɗaya ne tak, mai maganar kayan sayarwa, to keken yana waje ko da a tsakiyar shagon ya kwana. Idan akwai layi na biyu mai maganar kantoci, sikeli, firiji, kayan aiki da sauran abin da ke cikin shago, keken yana iya shiga nan, muddin ba a cire abin hawa ƙarara ba a sashen abubuwan da ba a biya. Na san za ka ce ba kai ka cike fom ɗin ba, wani ma'aikaci ne ya cike ka sa hannu. Abin takaici, wannan bai cika taimakon mai kaya ba, domin Dokar Inshora ta 2003 ta tanada a sashe na 54 cewa wakilin da ya taya mutum cike fom ana ɗaukarsa a matsayin wakilin mai neman inshorar a wannan aikin, kuma galibi za ka ga an buga wannan gargaɗin a fuskar fom ɗin. Ka kuma sani cewa a irin wannan inshorar ana yawan rubuta sunan banki a matsayin wanda za a fara biya, ta yadda ko an amince da diyyar tana iya tafiya kai tsaye cikin ragowar bashinka.

Maganar makara kuwa, ina ganin an ƙara ta ne don wasiƙar ta yi kauri. Gaskiya ne takardun suna cewa a sanar nan take, sannan a kawo cikakken bayani cikin wasu kwanaki da aka ƙayyade, kuma akwai hikima a ciki, domin kamfani yana son mai tantance asara ya ga wurin kafin a gyara. Amma tun daga wata dokar soja ta 1988, wadda sashe na 55 na dokar 2003 ya ɗauko, tsarin inshorar Najeriya ya tafi a kan cewa saɓa wani sharaɗi ba ya zama hujjar ƙin biya sai in sharaɗin yana da muhimmanci kuma yana da alaƙa da asarar da ta faru. Kai ka je caji ofis da safe, keken ya riga ya tafi tun dare, kuma kwana taran nan ba su ƙara ko kwabo a kan asarar ba. A shekarar 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbin ta 2003, saboda haka idan za ka rubuta musu, ka kafa hujja da ƙa'idar, ka bar wa dillali ko lauya ya sa maka lambar sashe. Sai dai ka lura, rushe wannan dalilin ba ya shigar da keken cikin inshorar da tun farko ba ta ɗauke shi ba. Yana dai rage musu abin faɗa ne.

Akwai abu ɗaya da ba su ambata ba amma ya kamata ka tabbatar da shi kafin ka ɗaga murya, wato ko kuɗin inshorar ya isa hannun kamfanin, kuma ko wa'adin bai ƙare ba a daren da aka yi satar. Tun daga Janairun 2013 hukumar NAICOM, mai kula da harkar inshora a ƙasar nan, take aiwatar da ƙa'idar cewa in ba a biya kuɗi ba babu inshora, kuma yawancin waɗannan takardun na shekara ɗaya ne, ba sa sabunta kansu don rancen bai ƙare ba.

Yanzu sai hujjoji, kuma a nan zan ba ka labarin abin da na gani da idona. Wani mai shago da nake yi wa aiki a Idi-Araba an fasa masa da asuba. Kafin in iso wajen ƙarfe goma, bawan Allah ya riga ya kira mai walda ya miƙe ƙyauren da aka lanƙwasa, ya sa sabon kwaɗo, yaro ya share wurin tas ya watsa tsohon kwaɗon a kwata. Da mai tantance asara ya zo bayan kwana biyu, sai ya tarar da ƙofa lafiya lau kamar ba abin da ya taɓa ta, ya tambaya ina alamar fasawa. Sai da muka sa yara suka naɗe wando suka shiga kwatar da sanda, suka lalubo kwaɗon cikin baƙin taɓo, ga hancinsa a datse, sabon yanka yana ƙyalli, sannan magana ta daidaita. Ba laifin mai shagon ba ne, kowa zai so ya rufe dukiyarsa kafin dare, amma hoto biyar a waya kafin mai walda ya taɓa ƙofar da sun raba mu da wannan wahalar. Saboda haka in sarƙar da aka yanke da kwaɗon suna nan, ka adana su a leda kamar kuɗi. In akwai maƙwabcin da ke da kyamara, ko mai gadin layi da ya ga wani abu, ka nemi bayaninsu yanzu, domin na'urorin kyamara suna goge tsohon ɗauka da kansu bayan ɗan lokaci.

Game da rahoton 'yan sanda, ba zuwa caji ofis kaɗai ake bukata ba, ana bukatar takarda mai hatimi da ke nuna ranar da aka kai ƙara da abin da aka rubuta a littafinsu. Ka karɓe ta ka karanta, ko ka sa wanda ka amince da shi ya karanta maka, saboda wani dalili da ya keɓanci Legas: a garin nan in ka ce keke, abin da kunnen ɗan sanda zai ji shi ne mai ƙafa uku, wanda ake kira Keke Marwa tun zamanin da Buba Marwa ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1999. Na taɓa ganin rahoton da aka rubuta an sace mai ƙafa uku alhali keken hawa ne, kuma gyara wannan kuskuren ya ci mako biyu. Ka tabbata launi, da samfuri, da lokaci, da wurin da keken ya kwana duk sun yi daidai da abin da ka faɗa wa kamfanin. A nan zan ja kunnenka da babbar murya, domin na san za a samu mai ba ka shawarar ka koma ka ce a cikin shago keken yake. Kada ka kuskura. Bayanin farko yana rubuce a wuri biyu, masu tantance asara sun saba da wannan sauyin labarin, kuma kowace takardar inshora tana da sharaɗin cewa ƙarya a wajen neman diyya tana rushe haƙƙin gaba ɗaya. A kan keke ɗaya sai ka jefa inshorar hajar miliyoyi cikin haɗari, ga kuma haramcin abin da ka karɓa.

Sai shaidar cewa keken naka ne. Mota tana da lamba da takardu, inshorarta ma tana cikin rumbun bayanan da kamfanonin inshora suka haɗa, ɗan sanda yana iya dubawa a waya. Keke ba shi da wannan gatan. Tsarin mulkin 1999 ya bar lasin kekuna a hannun ƙananan hukumomi, tare da na kwalekwale da baro da amalanke, kuma dattawa suna tuna zamanin da ake liƙa wa keke lambar En'e, amma yau babu wani rajista guda da za a nemo kekenka a ciki. Abin da ke tsaya masa shi ne rasit da lambar firam. Kifa keken da ya rage, ƙafafu sama, ka duba ƙarƙashin bututun da feda ke juyawa a ciki, ka goge baƙin mai da tsumma, za ka ga haruffa da lambobi an dake su a jikin ƙarfen. A wasu kekunan kuma suna jikin wuyan firam ko kusa da inda ƙafar baya ke ɗaure. Yawancin kekunan da ake aike da su a Legas tokunbo ne, wato na hannu da aka shigo da su daga waje, ana sayensu hannu da hannu ba rasit, ko da rasit ɗin da aka rubuta keke ɗaya kawai ba lamba. In haka naka yake, shaidar tura kuɗi ta banki, da tsohon hoton keken a gaban shago, da takardar rantsuwa daga kotu suna iya cike giɓin, amma ba su kai rasit mai ɗauke da lambar firam ba.

Ya kamata kuma ka san abin da kake bi, don kada ka kashe fiye da shi a kuɗin mota. Inshorar dukiya tana mayar da mutum ne inda yake kafin asara, ba ta sabunta masa kaya. Mu ƙaddara, don misali kawai, darajar keken a ranar da aka sace shi, bayan an cire tsufa, naira 120,000 ce. A yawancin takardu akwai kason farko da mai kaya yake ɗauka da kansa, wanda 'yan ofis ke kira eksas, kuma akan rubuta shi a matsayin kaso cikin ɗari ko wani tsayayyen adadi, duk wanda ya fi yawa. In an ce kashi 10 ko naira 25,000, to 25,000 za a cire, saura 95,000. Tsugune ba ta ƙare ba, domin akwai sharaɗin da ke hukunta wanda ya rage darajar kayansa: idan kayan shagon sun kai naira miliyan 4 amma miliyan 2 aka rubuta don kuɗin inshora ya yi sauƙi, ana ɗaukar ka riƙe rabin haɗarin da kanka, sai a biya rabin kowace asara. A lissafinmu 120,000 ta koma 60,000, a cire eksas, ka tashi da 35,000. Da yadda farashi ya hau a 'yan shekarun nan, shaguna da yawa sun faɗa wannan ramin ba tare da sun sani ba, don kawai ba a taɓa adadin ba tun ranar da aka rubuta shi.

In ka duba ka ga barandar mai kulle ce kuma akwai layin kayan aiki, ka rubuta wa sashen ƙorafi na kamfanin wasiƙa gajeriya, ka amsa dalilan ɗaya bayan ɗaya, ka haɗa hotuna da rahoton 'yan sanda, ka nemi su nuna maka ainihin sharaɗin da suka dogara da shi, kuma ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Ka sanar da bankin ma, tunda ta hannunsu aka yi inshorar kuma suna da murya a wurin kamfanin fiye da kai. In ba a saurare ka ba, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafin jama'a, hedikwatarta tana Abuja kuma tana da ofis a Legas. Akwai kuma cibiyar sasanta jama'a ta gwamnatin jihar Legas, wadda ke aiki kyauta, da zauren sulhu na babbar kotun jihar da aka buɗe a 2002. Ka duba ƙarshen takardarka, domin akan sa wa'adin da in ya wuce bayan an ƙi biya ba a ɗauki mataki ba, ana ɗaukar an yafe haƙƙin. Shigar da ƙara a kotu a kan keke ɗaya kuwa ba na ba ka shawara, kuɗin lauya zai haɗiye keken har da kariyarsa. Idan kuma ka ga hujjarka ba ta da ƙarfi, akwai abin da ake kira biyan alfarma, inda kamfani yake ba da wani abu ba don wajibi ba, sai don riƙe abokin hulɗa mai biya a kan lokaci. Ana roƙonsa ne da lalama, ba a neman sa da faɗa.

Idan Allah ya sa suka amince, za a ba ka takardar sallama ka sa hannu, wadda ke cewa ka karɓi adadi kaza a matsayin cikakken haƙƙinka. Karanta adadin kafin ka sa hannu, domin bayan nan babu komawa baya. Dokar 2003 ta ba kamfani kwana 90 daga wannan takardar ya biya, kuma sabuwar dokar ta zo da ƙarin matsi a kan jinkirin biyan diyya. In kuma aka ga keken daga baya, ya zama na kamfanin da ya biya, sai dai ka mayar da kuɗin ka karɓi abinka.

Keken da ya rage kuwa, hanya biyu ce. Ta farko ita ce inshorar da ake rubuta wa All Risks, wadda ake yi wa kaya ɗaya-ɗaya da sunansu da lambarsu, kuma tana bin kayan duk inda suka je cikin yankin da aka amince. Ita ce ta dace da abin da ke yawo a titi, amma sharuɗɗanta ne ya kamata ka zauna a kansu. Akan bukaci a ɗaure keken ta firam, ba ta ƙafa ba, a jikin abin da ba ya ɗaguwa, kamar turken ƙarfe da aka dasa a siminti. Keken da aka kulle ƙafarsa kawai aka jingine, mutum biyu sun ishe shi. Akan bukaci ya kwana a cikin gini mai kulle, kuma a gidajen haya na Legas masu ɗakuna suna kallon juna, doguwar hanyar tsakiya da kowa ke bi ba lallai a ɗauke ta a matsayin gidanka ba, sai ka tambaya a rubuce. Akan ƙi biyan sirdi, ko ƙafa, ko fitila in su kaɗai aka kwance. Mafi girma duka, dole ka faɗa cewa keken na sana'a ne kuma yara ne ke hawansa, domin keken da aka rubuta na motsa jiki ne, in aka sace shi da katan ɗin taliya a kariya, an gama magana.

Akwai kuma ramuka biyu da ban cika ganin mai shago ya tuna da su ba. Na farko, idan yaron shagon ne da kansa ya gudu da keken, ko aka haɗa baki da shi, takardun sata ba sa biya, saboda suna cire ma'aikata da mutanen gida. Wannan sai inshorar amanar ma'aikata, wadda ita ma ba a cika yi wa yaron da ba shi da takardar ɗaukar aiki ba. Haka wanda ya miƙa keke da hannunsa ga mai cewa bari in ɗana, ya hau bai waiwayo ba, kamfanoni da yawa suna kallon wannan a matsayin yaudara, ba satar da suka ɗauki nauyi ba. Na biyu ya shafe mu 'yan Arewa kai tsaye, wato sharaɗin barin wuri ba kowa. Takardun fasa shago da na gida suna ƙayyade kwanakin da za a iya rufe wuri a jere, in an wuce inshorar ta tsaya har a dawo. Wanda ya rufe shago ya tafi Kano ko Sakkwato hutun Babbar Sallah, ya zarce da bikin ƙanwa, yana iya dawowa ya tarar an yi masa ɓarna a lokacin da takardarsa take barci. Duba adadin kwanakin, in tafiyarka za ta wuce su ka sanar tun kafin ka hau mota, ba a fafe gora ranar tafiya. Kayan da ke kan keken da kuma mutumin da yaro zai iya bugewa a hanya, kowannensu inshorarsa daban.

Ra'ayina shi ne, ga keke ɗaya na aike, hanya ta farkon ba ta cika biyan kanta ba. Kamfanoni suna da mafi ƙarancin kuɗin da suke karɓa a kan kowace takarda komai ƙanƙantar kayan, kuma in ka haɗa wannan da eksas da cire tsufa, za ka ga kuɗin shekara biyu ko uku ya kusa sayen wani keken. Ta fi dacewa da mai kekuna goma, ko mai keken lantarki wanda batirinsa kaɗai dukiya ne. Hanya ta biyu ita ce na fi so maka: ka nemi a ƙara keken a cikin inshorar shagon da kake da ita, da samfurinsa da lambar firam da darajarsa, a kuma gyara siffar wurin ta ambaci baranda in mai kulle ce, sannan ka riƙa shigar da shi ciki kowane dare ko da sai an matsar da buhu biyu. Haɗarin rana kuma ka tare shi da kwaɗon ƙarfe mai kauri irin mai siffar kofaton doki, da ɗan abin da kake warewa a asusu duk mako. In zuciyarka ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba ta fuskar addini, akwai takaful, wadda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, kuma Noor Takaful da ke nan Legas tana cikin na farko da suka samu lasisi a 2016. A can gudummawa ake zubawa a asusun taimakon juna, kuma akan raba rarar da ta saura, amma kada ka zaci sharuɗɗan kulle da sanarwa da shaidar mallaka za su sassauta, domin dukiyar sauran mahalarta ake karewa.

Duk wadda ka zaɓa, ka bi ta hannun dillali mai rajista, wanda aikinsa tsaya wa mai saye ne, ba ta hannun wakilin kamfani kaɗai ba, kuma kada ka yarda da "an ƙara" ta waya ko ta baki. Ƙarin yana da takardarsa, shafi ɗaya mai hatimi da kwanan wata da lambar inshorarka, wanda ake maƙalawa a jikin ta asali. Ka gwada lambar firam da ke kanta da wadda ke ƙarƙashin keken, harafi da harafi, domin sifili da harafin O suna yawan musanya wuri a hannun mai bugawa, kuma har sai wannan shafin ya shigo hannunka, keken ya kwana a cikin shago.